Dajin Da Na-Iya Ya Shuka A Falo

Tun kafin ya yi ritaya daga tuƙin motar dakon kaya ake ce masa Na-Iya, domin ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya bari an kai aya ba. In famfo ya lalace, ya iya. In rediyo ta ɗauke, ya iya. Ranar da aka yi wa wani abokinsa aikin ido ma sai da ya ce da an tuntuɓe shi da wuri da ba a kai ga asibiti ba. A hawan sama na wani bene yake zaune, shi da matarsa da 'yarsu auta mai aikin nas. Daidai ƙarƙashin falonsu shagon wani tela ne, ƙofar da ke kallon tasu kuma ta wata tsohuwa ce da duk benen ke kira Gwaggo.

Ita Auta ba ta kiwon kyanwa ko tsuntsu irin na mutane. A kusurwar falo tana da wani akwatin gilashi mai tsayin kabad, da ƙofa a gaba, da murfin raga da fitilar ɗumi a sama. An raba cikinsa biyu. Ɓangare ɗaya hawainiya ce a kan reshe, tana jujjuya idanu kamar wadda ba ta yarda da kowa ba. Ɗaya ɓangaren wasu 'yan korayen kwaɗi ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba. A ƙasa kuma, cikin akwatin katako, akwai wani kunkuru da ba ruwansa da kowa.

Da aka tura ta kwas na 'yan watanni, sai ta tsaya da jaka a hannu tana yi wa mahaifinta bayani.

"Baba, fesa ruwa safe da yamma. Gyare ga hawainiya da kwaɗi, ganyen latas ga kunkuru. Shi ke nan. Don Allah kada a ƙara komai, kada a rage."

"Ke Auta, ni za ki koya wa? Shekara nawa na yi ina dakon shuke-shuke da dabbobi a mota?"

"Suna baya kana gaba," in ji matarsa daga kicin.

"Ina kallon su ta madubi."

Auta ta yi dariya, ta leƙa hawainiyarta ta ƙarshe, ta tafi.

Bai yi sati yana fesa ruwan nan ba abin ya gundure shi. Wata safiya ya ja kujera ya zauna gaban gilashin, ya ƙare masa kallo, sannan ya kira matarsa.

"Maman Auta, dubi nan. Reshe ɗaya da ganyen roba. Wannan ba daji ba ne, ɗakin jiran likita ne. Dabbobin nan asalinsu 'yan kurmi ne, an kawo su an ajiye kamar masu jiran mota."

"Sun yi maka ƙorafi ne?"

"Ni ke karanta fuskarsu. Kurmi zan shuka musu a nan, mai manyan ganye, wanda in kin leƙa sai kin ji tsoro. Ranar da yarinyar nan za ta dawo, duk benen nan zan gayyata. Tana shigowa za ta fashe da kuka."

"Wannan kam na yarda," in ji ta, ta koma aikinta.

A wurin masu sayar da furanni ya wuce duk 'yan ƙananan tukwane bai ko kalle su ba. Ya zaɓi dashen ayaba mai kai masa ƙirji, da gwazar ado mai ganye kamar kunnen giwa, da wata mai yaɗo da aka ce masa ba ta san gajiya ba. Mai lambun ya tambaye shi ko a tsakar gida zai dasa.

"A cikin gilashi."

"Gilashin hawa nawa ne, Malam?"

"Kai dai ɗora mini a mota. Shuka umarni take bi, in ka san yadda ake ba ta."

A matakala ayabar ta fara nuna ba ta jin umarni. Ta maƙale a kwana, tukunya a ƙasa ganye a sama, Na-Iya a tsakiya. Gwaggo da ta fito za ta kanti ta tarar da hanya a toshe da kore.

"Wa ke cikin gonar nan?"

"Ni ne, Gwaggo. Ɗan dakata."

"In sai ta yi 'ya'ya za a buɗe hanya, ka faɗa mini in koma in ɗauko kujera."

Sai da Tela ya bar kekensa ya zo ya tallabi gindin tukunyar suka haye. Yana haki ya ce, "Malam, ayaba a bene? Ni dai ƙasanka nake, ka tuna da ni."

"Kai za ka fara cin nunanniya."

A ranar ya cire gilashin da ya raba ɓangarorin biyu, ya ce a kurmi babu katanga. Ya jibga ƙasa har ta kai gwiwa, ya dasa kayansa, sannan ya kawo buhun kashin kaji ya zazzage, wai takin zamani na ragwaye ne. Hawainiya ta hau can ƙarshen reshenta, ta yi baƙi ƙirin, ido ɗaya a kansa ɗaya a ƙofa.

"Kin gani?" in ji shi ga matarsa. "Har ta canza launi don murna."

Washegari wari ya riga kowa tashi. Gwaggo ta ƙwanƙwasa ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a hanci.

"Lafiya kuwa? Wani abu ya mutu a gidanku?"

"Ƙamshin daji ne, Gwaggo."

"To Allah ya ji ƙan dajin, ya kwana biyu da rasuwa."

Bayan wari sai ƙudaje, bayan ƙudaje sai kwaɗi suka ga arziki. Da can ba a jin muryarsu sai an kasa kunne. Yanzu da suka ci suka yi ɓul-ɓul, sai suka kafa ƙungiyar mawaƙa. Kowace safiya mutanen benen kan fito da jajayen idanu, Na-Iya kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa kamar mai sabon jariri.

"Kun ji su jiya? Lafiyayyen kwaɗo ke nan. Akwai masu tafiya ƙasashe don su ji irin wannan."

"Mu ma mun kusa tafiya," in ji Tela.

Daga nan ya kafa dokoki. Ba a buɗe taga, ba a kunna fankar silin, domin iska tana busar da kurmi. Falo ya koma kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta. Burodi ya yi fumfuna, takalman fita ma suka yi, har kalandar bango ta nannaɗe. Maman Auta ta kwashe abin da za ta iya ta koma ɗaki da mafici.

Ita kuwa 'yar kwalbar fesa ruwa ya ce wasan yara ce. A kurmi, in ji shi, ruwa zuba yake yi, ba tofi ba. Ya jona tiyo daga banɗaki ya ratsa falo da shi, kullum sai ya yi wa dajinsa ruwan sama har sau biyu. Bai tambayi kansa inda ruwan ke tafiya ba. Tela ne ya hawo da amsar, riƙe da yadin wani mutum yana ɗiga.

"Malam, tun yaushe damina ta koma shagona ni kaɗai?"

"Bututun bene ne. Tsohon gini."

"Bututun ne ke zubo da ƙasa da gashin kaza?"

Na-Iya ya shiga ɗaki ya fito da laima ya miƙa masa. "Riƙe wannan tukuna. Ƙasa ce ba ta gama kamawa ba, da saiwa ta yi ƙarfi za ta shanye komai."

Haka Tela ya koma ya ɗaure laima a kan keken ɗinki, ya jera robobi a kan teburin yanka. Masu wucewa suna tsayawa su kalli mai ɗinki a ƙarƙashin laima, rana tsaka, a cikin shago.

Abu ɗaya dai ba za a hana Na-Iya ba: kayan sun girma. Gwaza ta buɗe ganye har ta manne da gilashi, ba a ganin komai a ciki sai kore. Ayaba ta kai murfin raga, ta tura, ta ɗaga shi gefe, ta leƙo falo. Mai yaɗo ta biyo ta ta fito tana neman abin kamawa. Maimakon ya datse ta, sai ya ɗaura mata igiya daga saman akwatin zuwa sandar fanka, ya ce kurmin ne ke neman ƙarin fili, kuma ba shi zai hana ci gaba ba.

Sai ga shi an wayi gari ba hawainiya.

Ya buɗe ƙofar gilashin ya zura kai, ya ɗaga wannan ganye ya sauke wancan. Ya fito da ƙasa a gira da kwaɗo a kafaɗa.

"Ta ɓata ko?" in ji matarsa.

"Ba ɓata ta yi ba, sajewa ta yi. Aikinta ke nan. Hawainiyar da ake gani ai ba ta ƙware ba."

"Ka kira yarinyar nan ka faɗa mata."

"In faɗa mata me? Cewa dabbarta ta samu ƙarin girma?"

Amma da ta shiga wanka, sai ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin kujeru, ya duba bayan talabijin, ya girgiza labule, yana kira ƙasa-ƙasa, "'Yar gari, fito mana, kada ki kunyata ni." Ya san tun tana ƙarama kamar ɗan yatsa Auta ta raine ta, kuma ranar da ta taɓa ƙin cin abinci yarinyar ma ba ta ci ba. Kwana biyu shi ma tuwo bai yi masa daɗi a baki ba, ko da yake ya ce gishiri ne ya yi yawa.

Da Auta ta kira ta bidiyo, ya kawo wayar dab da hancinsa har ba a ganin komai sai gashin baki.

"Baba, nuna mini hawainiyata."

"Tana hutawa. Ba a son damun ta."

"Mene ne wancan koren a bayanka?"

"Sabon labule ne."

"Labulen ne ke kuka haka?"

"Layin ne ba kyau. Ga mamanki."

Maman Auta ta karɓi wayar ta ce, "Muna lafiya. Ki dai dawo da wuri, kuma ki zo da haƙuri mai yawa."

Ranar dawowa Na-Iya ya ci ado, ya ɗora hula, ya bi ƙofa-ƙofa yana gayyata. Mutane suka zo kuwa, domin kowa yana so ya ga abin da ya hana shi barci. Ga Tela, ga Gwaggo, ga mai kanti da mai aski, ga matan hawan ƙasa da 'ya'yansu. Falo ya cika maƙil, taga a rufe, kowa na sharce gumi. Na-Iya ya tsaya gaban gilashin da sandar mofa ta goge ƙasa a hannu ya fara jawabi.

"Jama'a, abin da kuke gani, masana suna shekaru ba su haɗa irinsa ba. Ni da idona kawai na auna. Wannan ayaba ce, ita ke ba da inuwa. Wannan gwaza ce, ita ke riƙe danshi. Komai da lissafi."

"Ina hawainiyar?" in ji mai aski.

Na-Iya ya ɗan yi tari. Ya nuna wani abu ruwan ƙasa a can ciki. "Ga ta can. Sai mai ido."

Aka matso ana leƙe. Abin ya ɗan yi lilo, ya tsinke, ya faɗo a hankali.

"Busasshen ganye ne," in ji mai kanti.

"Ka ga iyakar ƙwarewa ke nan. Har faɗuwar ganye ta iya."

Gwaggo ba gilashin take kallo ba. Wani ganyen gwaza ya saƙalo ta gefen ƙofa ya sauko har cikin akwatin kunkuru, shi kuwa kunkurun ya koma can lungu ya juya masa baya.

"Ni dai na san ɗanyen ganyen nan ƙaiƙayi gare shi," in ji ta. "Dubi bawan Allah, ko kallonsa ba ya yi. Kada ka kashe wa yarinya dabbobi."

"Haba Gwaggo, wannan ta ado ce, ba irin wadda kika sani ba ce. Ko jariri zai ci."

"To ai ga ka."

Kowa ya juyo gare shi. Maman Auta ta ce, "Maigida, a bar maganar nan." Amma idanu sun riga sun yi yawa a kansa. Ya yagi ganyen, yanki mai faɗin tafin hannu, ya cusa a baki yana tauna yana murmushi.

"Kun gani? Garɗi ma gare sh..."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ji ya yi kamar an zuba masa allurai a harshe. Ya tofar, ya kama goge baki da hannun riga, idanunsa suka kawo ruwa. Kafin a miƙo masa kofi leɓensa ya yi suntum, harshe ya cika baki.

"Garɗin ne ya yi yawa?" in ji Gwaggo.

"Zafi ne ya buge shi," in ji Tela. "Ɗakin nan ko burodi aka sa zai gasu. Bari in kunna fanka."

Na-Iya ya ɗaga kai sama yana shaƙar iska, sai idonsa ya sauka a kan fankar. A can, a kan fiffike ɗaya, ga hawainiya a zaune. Ta bi mai yaɗo ta haye, ta rame, ta yi launin ƙura, ta naɗe wutsiya a gefen fiffiken tana kallon taron da ido ɗaya. Duk falon babu wanda ya gan ta sai shi. Tela kuwa yana kutsawa cikin mutane zuwa makunni.

"Hawa... hawa..." in ji Na-Iya, yana nuna sama.

"Ai mun hawo tun ɗazu," in ji mai kanti.

"Iska yake nema, yi sauri," in ji mai aski.

Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, yau ga magana ɗaya tak da ta zama dole, harshe ya ƙi. Ya yar da sandar mofa ya yi tsalle. Ƙafarsa ta harɗe da tiyo, tiyon ya fizgi ƙofar gilashi ta wangale, shi kuma ya tafi gaba da gudun da bai shirya ba. Ya bangaje mai kanti, ya damƙi Tela ta wuyan riga, ya manna tafin hannunsa a kan makunnin kafin yatsan Tela ya kai. A bayansa ayaba, wadda da ma ƙofar ce ke tallafe da ita, ta sunkuyo a hankali kamar mai gaisuwa, ta kwanta a kafaɗarsa. Taɓo ya biyo ta ya malale a kan kafet. Sannan kwaɗi suka fito.

Mata suka haye kujeru, yara suka bi kwaɗi, mai aski ya fita ba takalmi. Gwaggo kaɗai ba ta motsa ba, ta dai tattare zaninta tana cewa, "Kurmi ya zo gaishe mu."

A haka Auta ta turo ƙofa da jakarta.

Ta dubi taɓo, ta dubi ayaba, ta dubi mahaifinta da ke manne da bango, hula a karkace, baki kamar an hura. Ta bi ɗaya hannun nasa da ke nuna sama da kallo, ta ga abin da ke kan fanka. Ta sake duban tafin da ya rufe makunnin, da yatsan Tela da ke gefensa. Sai ta ajiye jaka, ta ja kujera ta hau, ta miƙa hannu a hankali. Hawainiya ta yi tunani, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta fasa, ta sake ɗagawa, sannan ta tako.

"Baba, za ka iya sakin makunnin yanzu," in ji ta. "Buɗe baki in gani. Me ka ci?"

Falon gaba ɗaya ya amsa mata.

Ta haska masa maƙogwaro ta tabbatar numfashi lafiya, ta sa ya kurkure baki, ta ba shi madara mai sanyi da ƙwayar magani, ta ce kada ya yi magana sai kumburin ya saɓe. Sannan ta naɗe hannun riga. Aka buɗe tagogi, aka fitar da ayaba da ƙasa bokiti-bokiti, aka mayar da gilashin tsakiya. Har yamma maƙwabta na ƙwanƙwasa ƙofa suna dawo da kwaɗi, wani a kofi, wani a hula. Tela ya kawo nasa daga aljihun riga, ya ce wannan ya biyo shi ne neman aiki. Hawainiya ta sha ruwa ta ci gyare, launinta ya fara dawowa. Sai a lokacin Auta ta zauna a hannun kujerar mahaifinta.

"Ka kusa kashe mini ita, Baba, kuma kai ka cece ta. Ban san da wanne zan fara ba."

Ya ɗaga yatsu biyu, wato ta fara da na biyun.

Kwanakin da suka biyo baya, benen bai taɓa zuwa dubiya da ƙwazo irin haka ba. Kowa ya zo da labarin da ya daɗe yana son ya kai ƙarshensa. Mai aski ya bayyana yadda ake wasa reza tun daga farko har ƙarshe ba a gyara masa ba. Mai kanti ya yi sharhin ƙwallo. Tela ya zauna ya yi bayanin yadda silin ɗin shagonsa ya kumbura, ya ce za a nemo mai gyara. Na-Iya ya zaburo ya bugi ƙirji yana nuna kansa.

"A'a," in ji Tela da Auta da Gwaggo a tare.

Ya koma ya jingina, ƙanƙara a leɓe, yana bin kowa da ido.

Da rana Auta tana sauke sauran tukwane zuwa ƙasa, mahaifiyarta ta biyo ta matakala, ta waiga ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Wai maganin nan naki, yaushe zai gama aiki?"

"Gobe ko jibi zai fara magana, Mama, kada ki damu."

"Ba damuwa na yi ba." Ta nuna tukunyar da ke hannun 'yar, wadda aka mayar da gwazar a ciki. "Wannan kada ki ba kowa. Kai mini ita bayan kicin, ni zan riƙa ba ta ruwa."